Ba a Cin Iri: Kurakuran Masu Kafa Asusun Wakafi na Gari

Duk shekara, da Sha'aban ya kama, sai ka ga samari suna zirga-zirga da fayil a hammata, wai za a kafa gidauniyar ci gaban gari, a buɗe asusun wakafi don marayu da ɗalibai da marasa lafiya. Bana ma uku sun same ni a ƙofar gida bayan la'asar, don sun ji an ce na taɓa riƙe ma'ajin irin wannan ƙungiya a garinmu. Na bar su suka gama karanto mini manufofinsu, sannan na ce, "To 'ya'yana, kuɗin nan da za ku tara, na rabo ne ko na ajiya?" Suka kalli juna. Babbansu ya ce, "Baba, ai duka biyun ne." Nan na san ramin da za su faɗa, domin a cikinsa muka kwana.

Wakafi ba sadakar yau ba ne. Lokacin da Sayyidina Umar ya sami fili a Khaibar, ya nemi shawarar Manzon Allah (SAW), amsar da ya samu ita ce ya tsare asalin, ya yi sadaka da amfaninsa. Aka sharɗanta ba a sayar da filin, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa. Turawa ma da suka zo da tasu gidauniyar al'umma, a kan wannan turba suka ɗora ta. Ta farko wani lauya kuma shugaban banki, Frederick Goff, ya kafa a birnin Cleveland na Amurka a 1914: mutanen gari su zuba dukiya wuri ɗaya, a juya ta, a riƙa rabon abin da ta haifa, uwar kuɗin tana nan. Ta haura shekara 100 tana rabo. Mu tamu ba ta kai shekara 3 da ƙafarta ba, kuma da hannuna aka karya ta.

Mun yi taron ƙaddamarwa, kuɗi suka taru gwargwado. Shawara ta tsaya a kan a sayi shaguna 3 a bakin kasuwa, hayarsu ta riƙa ɗaukar nauyin marayu. Muna jiran dillali ya daidaita da mai shagunan, sai ga wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, ɗanta yana kwance a asibiti ana jiran kuɗin tiyata. Shugaba ya kira ni da daddare ya ce, "Malam ma'aji, rai ne fa. A ara daga asusu, in an yi karo-karon wata sai a mayar." Na sa hannu. Ko yau aka sake kawo mini yaron nan zan nemo masa kuɗi, amma ba daga nan ba. Domin daga ranar kowa ya san ƙofar tana buɗuwa. Kuɗin jarrabawar NECO na yara ya zo, aka ara. Damina ta rushe katangar maƙabarta, aka ara. Azumi ya zo aka ce abin kunya ne a ce gidauniya guda ba ta raba ko da gero da sukari ba, aka ara. Kowane da sunan aro, kowane da hujjar da ba ka iya musu a gaban mutane. Ba wanda ya saci ko sisi, ina iya rantsuwa. Tausayi ne ya cinye mu. Ranar da dillali ya dawo ya ce mai shaguna ya sallama, abin da ya rage bai kai kuɗin shago ɗaya ba. Da ka bi ta wurin yau za ka ga shagunan cike da kaya, wani ke karɓar hayar.

Manomin da ya dafa irinsa da rani ya ci tuwo mai daɗi, ba wanda ya ce bai ci ba. Sai ruwa ya sauka ake gane shi.

Abin da nake yi tun daga nan, ko an so ko an ƙi, shi ne asusu biyu. Na uwar kuɗi ba shi da kati, ba a haɗa shi da wayar kowa, kuma sai mutum 3 sun sa hannu kafin a taɓa shi. Da gangan nake sa ɗaya daga cikinsu ya zama mazaunin nesa, Legas ko Fatakwal, kuma mai taurin kai, wanda kiran dare ba ya girgiza shi. Na biyu shi ne na gaggawa, daga karo-karon wata ake cika shi, in ya ƙare ya ƙare. Sannan tun ranar ƙaddamarwa a tashi a gaban jama'a a faɗa da babbar murya cewa shekarar farko ba za a raba komai ba. Za a yi gunaguni. Gara gunagunin shekara ɗaya.

Wasu kuma da suka ji labarina sai su zarce wancan gefen, su ƙulle kuɗin a banki su zauna suna gadi. Wannan ma cin iri ne, sai dai gara ce ke ci maimakon baki. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100. Dalar da gwamnati ke sayarwa a kan kusan naira 460 kafin Yunin 2023 ta wuce naira 1,500 a shekarar da ta biyo. Miliyan 10 ɗinka tana nan cif a takarda, amma buhunan shinkafar da za ta saya sun zube. Shi ya sa nake dariya in na ji wani ɗan boko yana cewa a yi koyi da Amurkawa, a riƙa kashe kashi 4 ko 5 cikin 100 na asusu duk shekara. Su farashinsu a yawancin shekaru da rarrafe yake tafiya, namu da gudu. Ni dai ƙasa da gini na fi yarda da su: shago, gidan haya, gona. Abin da bai kai sayen gini ba, sai a sa shi a sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci marasa kuɗin ruwa, wanda aka fara fitarwa a 2017, kafin ya taru. Hayar da ta shigo kuwa goma nake kasa ta: 6 rabo, 2 gyara, 2 su koma wa uwa. Akwai masu ganin na cika ƙwauro. Su zo su ga kwanon shagon da aka shekara 8 ba a taɓa shi ba.

Yanzu ga wanda har gobe in na tuna raina ke ɓaci. Wani dattijo mai hali, mutumin kirki, ya tashi a masallaci bayan sallar Juma'a ya ce ya ba da gidansa na haya wakafi ga marayun gari. Aka yi kabbara, liman ya yi addu'a, muka bi shi gida muka yi godiya. Na ce a raina ya kamata a rubuta, a karɓi takardun gida da makullai. Amma yaya za ka dubi mutumin da ya haife ka ka ce, "Alhaji, a sa hannu"? Sai ka ce ba ka yarda da shi ba. Kunya ta hana ni. Shi kuma ya ci gaba da karɓar haya da kansa, duk wata ya aiko mana a ambulan. Bayan wani lokaci Allah ya yi masa rasuwa. Ana gama sadakar bakwai magada suka sa gidan cikin lissafin gado.

Muka tashi da zafinmu, ga shaidu cike da masallaci. Wani malami da muka je wa ya saurare mu tsaf, ya jawo Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ya buɗe mana, ya karanta abin da duk muka taɓa bi ta kansa a zaure muka manta: kyauta da sadaka da hubusi, wato wakafi, ba sa cika sai an karɓe su a hannu, in mai bayarwa ya mutu kafin a karɓa, sun zama gado. In kuwa a ciwon ajali ya yi, to daga sulusin dukiya za a zartar, shi ma in ba magaji aka ba wa ba. Ya rufe littafi ya ce, "Makullan suna hannun wa?" Muka yi tsit. Magadan nan ba su zalunce mu ba, haƙƙinsu suka ɗauka. Mu ne muka zalunci marayu, muka kuma tauye wa dattijon ladan da ya yi niyya, saboda kunyar minti 5.

Don haka ku masu ɗaukar hoto da mai bayarwa ku watsa a Facebook kafin tawada ta taɓa takarda, ku ji da kyau. Ranar da aka furta, a makon nan za a rubuta, da shaidu, da mai unguwa, kuma ni sai na ga babban ɗansa ya zauna a wurin. A karɓi makulli da takardar mallaka, a shiga gidan a gaya wa 'yan haya daga yau ga wanda za su biya. Kada takarda ta fita da sunan shugaba ko ma'aji, domin su ma suna da magada. A yi wa gidauniya rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC don ta mallaki abu da sunanta. Inda akwai hukumar zakka da wakafi, kamar Sakkwato da Zamfara, ko ta Zakka da Hubusi a Kano, a kai musu kwafi su ajiye. Mai bayarwa na gaskiya ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ji haushi, ka gode Allah da ka gane da wuri.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Alkawarin ranar ƙaddamarwa ba kuɗi ba ne: abin da sanƙira ya faɗa a lasifika daban, abin da ya shiga asusu daban, kada a yi kasafi sai an ga alat. Kada a zuba zakka cikin wakafi, zakka tana da masu ita guda 8 da Alƙur'ani ya ambata, kuma ba a riƙe ta ana juyawa don gina shago. Ɗan kwamiti ba ya hayar shagon gidauniya, haka ƙaninsa, haka surukinsa, don ranar da ya kasa biya ba mai iya tada shi. Lissafi kuwa a karanta shi a bainar jama'a sau ɗaya a shekara, a manna kwafi a bangon masallaci, ko da ba wanda ya tambaya.

Akwai kuma ƙunci wajen sharaɗi. Wani tsohon magajin garin St. Louis a Amurka, Bryan Mullanphy, da ya rasu a 1851, ya bar sulusin dukiyarsa don taimakon matalautan matafiya masu ratsa birnin za su yamma neman wurin zama. Zamani ya juya, irin waɗannan matafiya suka yi ƙaranci, dukiya ta yi ta taruwa ana kai-kawo a kotu. Irin wannan ne ya dami Goff, shi ya sa gidauniyoyin da suka bi sawunsa ke riƙe ikon karkatar da kuɗi zuwa buƙata mafi kusa in ta farko ta gushe. Mu ma in Alhaji ya ce wakafinsa na kananzir ɗin fitilar makarantar allo ne, ka lallaɓa shi a ƙara layi ɗaya: "ko abin da ya maye gurbinsa na hasken karatu, ko wata buƙatar almajiran." Sharaɗin mai wakafi abin kiyayewa ne, don haka tun yana da rai ake faɗaɗa shi.

Na ƙarshe, a biya mai kula. A wakafin Umar ɗin nan an yarda mai jiɓintarsa ya ci daga ciki gwargwadon al'ada. Mu kuwa sai mu ɗora wa malamin firamare bin haya, da neman mai gyaran kwata, da rigima da 'yan haya, a kan babur ɗinsa da mansa, mu ce fisabilillahi ne. Wata 6 zai yi ya gaji, haya ta fara kwana a hannun mutane. Namu na yanzu muna ba shi kaso sananne daga abin da ya karɓo, a rubuce. Da na gaya wa samarin nan haka, ƙaraminsu ya ce ai shi kyauta zai yi. Na ce ya rubuta kason dai, in wata ya ƙare ya ga dama ya mayar da shi asusu, a ba shi rasit.