Kafin ka biya kuɗin bindigar da ka gani a gwanjon intanet

Maharba da manoma daga cikin jama'armu ta Kumasi, a Aboabo da Asawase da sauran zanguna, suna ganin hotunan bindigogi a gwanjon intanet da farashi mai rahusa, har wani ya yi sha'awar tura kuɗi ta waya, wato MoMo. Shawarata ita ce kada ka tura ko sisi sai ka kammala da takardu, kuma wanda ya san aikin bindiga ya riƙe ta a hannunsa ya duba.

Ka fara da hukuma. A Ghana ba a riƙe bindiga sai da lasisin 'yan sanda, wanda ake sabuntawa kowace shekara, kuma babban ofishin rajistar bindigogi yana hedikwatar CID, sashen binciken laifuka na 'yan sanda, a Accra. Shigo da ita daga waje yana buƙatar izinin Ma'aikatar Cikin Gida, saboda haka cin gwanjo a Amurka ko Ingila bai ba ka ikon karɓar kayan a tashar jiragen ruwa ta Tema ba. Riƙe ta ba izini babban laifi ne a dokar laifuffuka ta 1960, kuma cewa ba ka sani ba ba zai fitar da kai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da hoto yake ɓoyewa. Tsatsa tana cin cikin bututu alhali bayansa yana ƙyalli saboda an goge an shafa mai. Dole a buɗe bindigar, a tabbatar babu harsashi a ciki, a ɗaga bututun wajen haske a nemi ramuka, kumburi ko tsagewa, sannan a gwada ko mahaɗinta yana lilo, ko kunamarta tana sakin kanta idan an ɗan bubbuga. Tsofaffin bindigogin farauta na Turai da yawa an ƙera su ne don harsashi mai tsawon milimita 65, yayin da na kasuwa yanzu yawanci 70 ne ko 76. Dogon yakan shiga, bindigar ta rufu lafiya lau, amma idan aka harba sai matsin ya wuce abin da aka ƙera ta ta ɗauka, kuma hannun maharbi da fuskarsa ne suke kusa da wurin. Wasu ma na zamanin baƙin albarushi ne, ba su jure na yau.

Sai lambar da aka buga a jikin ƙarfen. Dole ta dace da wadda ke cikin takarda harafi da harafi. Idan an kankare ta ko an sake bugawa, ka janye, domin mai yiwuwa ta sata ce ko an yi ɓarna da ita.

Mai sayarwar da ya ƙi a duba, ko ya ƙi ku je ofishin 'yan sanda tare a sauya sunan mai ita, ka bar masa kayansa, ka nemi dillalin da gwamnati ta ba lasisi. Idan kuwa ka riga ka tura kuɗi ya ɓace, ka adana saƙonninku da shaidar biyan, ka kai su ga 'yan sanda.