Ɗaga ƙarfe da hannu ko hawa inji: yadda za ka haɗa su ka samu ƙarfi da ƙwanji

Tambayar da ƙannena ke yawan yi mani ke nan duk sadda munka haɗu wurin motsa jiki bayan sallar asuba, wai tsakanin ƙarfen da kake ɗauka da hannunka, dambel (gajeren ƙarfe na hannu ɗaya) da babel (doguwar sanda mai faifan ƙarfe a gefe biyu), da injunan nan masu kujera da waya da ake ja, wanne ya fi gina jiki? To ku saurara, don abin nan na damu na, na ga samari da yawa nan Sakkwato sun yi wata shida suna zufa jiki bai motsa ba, wasu kuma sun ji ciwo a banza.

Farko dai tsoka ba ta da ido. Ba ta san ko inji kake turawa ko buhun albasa ka ɗauka ba, abin da ta sani shi ne nauyi ya matsa mata har ta kusa gazawa, kuma sati bayan sati nauyin na ƙaruwa. Je ka kasuwa ka dubi gadon bayan 'yan dako, ko wuyan 'yan kokawa, wa ya taɓa ganin su kan inji? Don haka in girman tsoka kawai kake so, duka biyun na aiki. Bambancin na wurin ƙarfi.

In ka saɓa babel a kafaɗa ka duƙa ka miƙe, kai ne ke riƙe da kanka, cikinka da ƙugunka da 'yan ƙananan tsokokin kafaɗa duk sai sun tashi aiki don kar ka karkace. Inji kuwa ya riga ya shata maka hanya, turawa kawai taka. Shi ya sa za ka ga mutum na tura kilo 150 da ƙafa kan inji, amma a ba shi kilo 60 a kafaɗa sai gwiwa ta fara rawa. Jiki abin da ka saba masa da shi yake ƙwarewa a kai, kuma rayuwa ba ta da kujera da waya, buhun gero da jarkar ruwa da babur da ya faɗi ƙasa duk da hannu ake ɗaga su. Ni dai ƙarfen hannu shi ne tushe a wurina.

Amma kar wani ya raina maka inji. Asalinsa ma likita ne ya yaɗa shi, Gustav Zander ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya buɗe cibiyarsa a Stockholm a 1865 don marasa lafiya su motsa gaɓoɓi ba tare da haɗari ba. Har yau nan yake da amfani: dattijo, mai ƙiba da ya fara yau, wanda ya tashi daga ciwon gwiwa, ko kai da kake motsa jiki kai kaɗai babu mai tsaya maka.

Ga yadda nake tsara wa sabon shiga. Kwana uku a sati, misali Asabar, Litinin, Laraba, don tsoka na son hutun kamar awa 48 kafin ka sake matsa mata. Ka fara da minti biyar zuwa goma na ɗumama jiki har zufa ta ɗan tsatso. Sai ka je wa ƙarfen hannu tun kana da ƙarfinka: duƙa-miƙe da babel a kafaɗa, tura ƙarfe daga ƙirji kana kwance kan benci, jawo ƙarfe zuwa ciki kana sunkuye, da ɗago ƙarfe daga ƙasa. Zaɓi biyu ko uku a rana, kowanne sau 5 zuwa 8, ka huta minti biyu, ka maimaita har zagaye uku. Satin farko sandar kawai za ka ɗauka babu faifai ko ɗaya, don sandar babel ta maza irin ta gasa ita kanta kilo 20 ce, ta mata 15. Ba abin kunya ba ne, hannu kake koya wa hanya. Wurin ɗagowa daga ƙasa kuwa ka kula, sandar ta riƙa gogar ƙwaurinka, bayanka a miƙe kamar allo, in ka ji ya fara lanƙwasa ajiye, an gama na ranar.

Bayan nan sai ka koma inji, lokacin da ka gaji kuma riƙon jiki ya fara rauni. Na jawo waya daga sama don faɗin baya, na lanƙwasa ƙafa don bayan cinya, sau 10 zuwa 15, a hankali, kar ka saki nauyin ya faɗo da ƙara. Kuma don Allah ka gyara kujerar daidai tsawonka kafin ka fara, inda injin ke juyawa ya yi daidai da gwiwarka. Mutane na zama kan saitin wani su yi ta ja, gobe su ce inji ya ɓata masu gwiwa.

Ranar da ka cika lissafinka duka ba tare da ka karkace ba, ƙara kilo 2.5 a zuwa na gaba. Rubuta a littafi ko a waya. Wanda bai rubutu shi ne za ka gani bara da bana da dambel ɗaya.

Yanzu maganar ƙarfen gida, don na san yawancinmu daga Mabera zuwa Arkilla da shi munka fara, siminti a gwangwani biyu da bututu a tsakiya, ko tsoffin ƙarafan mota da mai walda ya haɗa. Yana aiki sosai, amma ka kai shi sikeli a auna kowane gefe. Ni abin ya same ni, gefe ɗaya ya fi ɗaya da kusan kilo biyu ban sani ba, na yi ta turawa kan benci har kafaɗata ta hagu ta kama, sai da na yi wata biyu ko riga ba na iya sa wa da daɗi. Kuma kan benci kar ka taɓa gwada nauyi babba sai da mutum tsaye a kanka, ƙarfe in ya sauka a wuya ba ya jiran ka kira wani.

Zafin garinmu kun san shi, daga Maris zuwa Mayu ya kan haura digiri 40, to ko bayan asuba ko bayan isha'i, da gorar ruwa a gefe. Da azumi ka bari sai bayan buɗe-baki, ka rage zagaye amma kar ka rage nauyi da yawa.

Abinci kuma, jiki na buƙatar furotin kusan giram 1.6 kan kowane kilo na nauyinka, mai kilo 70 kamar giram 110 ke nan a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, don haka sai ka haɗa da wake, awara, ƙuli-ƙuli, kifi, fura da nono mai kauri, nama in aljihu ya yarda. Barci awa bakwai zuwa takwas. Wanda duk ya zo maka da allura ko ƙwayar kumbura jiki wai wata ɗaya ka zama ƙato, ka ce masa a'a, abin nan na taɓa hanta da zuciya, yana kuma rage haihuwa ga namiji. In kana da hawan jini ko ciwon baya, fara ganin likita kafin ka taɓa sandar.