Kurakuran sababbin masu rubuta kod: gardamar banza da wadda ta cancanta

Duk inda ɗaliban kwamfuta suka taru, a Ngaundere ne ko Marwa, ba a rasa musu kan tab da sarari, wato da wanne za a tura farkon layin kod ciki. Wannan musu bai kamata ya wuce minti biyar ba. Masu Python suna da ƙa'idar tsara kod mai suna PEP 8 tun 2001: sarari huɗu a kowane mataki, layi kada ya wuce harafi 79. Babban kuskure shi ne gauraya tab da sarari a fayil ɗaya, domin nan ne Python 3 ke tsayawa da TabError. A bar wa Black, manhajar da ke tsara kod da kanta, gyaran tsari, ko da yake shi harafi 88 yake bari, kowa ya koma bakin aiki.

Inda gizo ke saƙa daban ne, kuma sunayen garuruwanmu ne ke tona asiri. Mai koyo ya haɗa umarnin SQL, harshen da ake magana da rumbun bayanai, da hannu, yana manna sunan gari a tsakanin alamun zance. Ya gwada da Garoua, lafiya lau. Ranar da wani ya shigar da N'Djamena, ko sunan da ya fara da 'Yar, alamar nan da ke cikin sunan ta rufe zancen tun bai ƙare ba, rumbun bayanai ya ce bai gane ba. Wasu sai su goge alamar su ce sun yi magani. Ba su yi ba: sun ɓata sunan mutane, kuma ƙofar da ɓarawo zai bi ya cusa nasa umarnin tana nan a buɗe. Gyaran shi ne a bar gurbi, a miƙa bayanin daban. A sqlite3 na Python ana sa alamar ? a gurbin, a PHP kuma a yi amfani da prepare na PDO, hanyar da PHP ke haɗuwa da rumbun bayanai. Ko da aikin makaranta ne da malami kaɗai zai gani, a saba da haka tun yanzu.

Sai haruffa. Idan Ngaoundéré ta fito a allo kamar NgaoundÃ©rÃ©, an adana ta ne da tsarin haruffa na UTF-8 aka karanta da wani tsarin, Latin-1. Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, sun fi shan wahala, don Latin-1 ba shi da su sam, sai su koma alamar tambaya, kuma ba sa dawowa. A rubuta encoding="utf-8" duk lokacin buɗe fayil, a zaɓi utf8mb4 a rumbun bayanai na MySQL, shafin intanet ma a sanar da shi UTF-8 ne.

Kuɗi kada a ajiye su a float, wato nau'in lamba mai ɗigo. Gwada 0.1 + 0.2 a Python, za ka ga 0.30000000000000004. Sefa ba ta da ƙananan juzu'i a hannun jama'a, don haka cikakkiyar lamba ta wadatar. Akwai kuma tarkon waƙafi: wanda ya yi karatu da Faransanci 12,5 zai rubuta. Python zai yi ƙorafi da ValueError, wanda gara haka, amma parseFloat na JavaScript zai mayar da 12 shiru, rabin kilo ya tafi ba wanda ya sani. A mayar da waƙafi ɗigo kafin lissafi.

Lambar waya ba lambar lissafi ba ce, a ajiye ta a matsayin rubutu. In ba haka ba alamar + ta +237 ko +235 za ta faɗi, sifirin farko na lambar abokin ciniki daga Najeriya ma ya bi ta.

Sunaye irin x, a1 da tmp2 suna da daɗin bugawa yau, bayan wata uku mai su ma ba zai gane su ba. Kuma a tsaya kan harshe ɗaya. Kada rabi ya zama prix_total, rabi jimlar_kudi.

Masu tara projet_final, projet_final2 da projet_final_vrai a filas su koyi Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen kod. Ba ya buƙatar intanet kafin ya adana mataki, abin da ke da amfani a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama. Kalmar sirri dai kada ta shiga ciki: a sa ta a wani fayil daban, a rubuta sunansa a .gitignore, jerin fayilolin da Git zai ƙyale, tun kafin adanawar farko, domin abin da ya shiga tarihi yana nan ko an goge shi daga baya.