Yadda za ku ji daɗin kiɗan goge a waƙoƙin indi fof

Jama'a, in kuna son ku gane aikin da masu goge ke yi a waƙoƙin indi fof, wato waƙoƙin zamani na mawaƙa masu zaman kansu, ku daina saurare da lasifikar waya. Tana cinye ƙasan sauti, kuma a can celo, babban goge mai kaurin murya, yake zaune. Ku sa abin kunne mai kyau.

Ku saurari waƙar sau biyu. A karo na biyu ku ƙyale muryar mawaƙi, ku bi tsirkiya kawai. Galibi kayan huɗu ne: biyolin (ƙaramin goge mai siririyar murya) biyu a sama, biyola (wadda ta ɗan fi biyolin girma) a tsakiya, celo a ƙasa. Biyola ce ke ɓuya, amma ita ke cike giɓin da ke sa waƙa ta yi kauri, kuma ni a wajena nan gwanintar mai tsara kiɗan take fitowa.

Ku lura da lokacin da gogen ke shigowa. Gwani ba ya zuba shi tun daga farko. Yakan riƙe shi har baiti na biyu, ko ya sa a riƙa tsinkar tsirkiya da yatsa a hankali, sai amshi ya zo a saki dogon ja. Wani lokaci gogen ba ya bin karin waƙar sam, yana amsa wa mawaƙin ne da nasa karin.

Mawaƙa masu zaman kansu ba kasafai suke da kuɗin ɗaukar babbar ƙungiya ba, don haka mutum ɗaya kan buga layi sau da yawa a ɗora a kan juna, ko a yi da kwamfuta. Kuna iya bambancewa: hannun mutum yana barin ƙarar gugar gashi a kan tsirkiya, kuma rawar sautinsa ba ta maimaita kanta daidai wa daida.