Kafin ka sayi rim, fara sauke motar tukuna

Salam 'yan uwa. Wannan maganar ta masu Mustang da Camaro da Challenger ce, irin motocin Amurkan nan masu V8 da ake fitowa da su daga tashar jiragen ruwa ta Tema a Ghana, wanda da zarar mutum ya karɓi makulli sai ya fara tunanin ya sauke ta ƙasa, wato ya rage nisan jikinta da kwalta, ya sa mata manyan rim. Ina son motar da aka sauke, wallahi tana da kyau a ido, amma abin da ke damuna a nan Kumasi shi ne mutane suna fara aikin ta wutsiya, su je Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota, su kwashi rim inci 20 da tayoyinsa, sannan daga baya a zo a sa gajerun sifirin, sai taya ta fara cin fenda.

To ka fara sauke motar. A sa sifirin da shokabzoba da suka dace da juna, ka yi yawo da ita kwana biyu ta zauna daidai, sannan a ɗauko tef a yi awo. Ni a titunanmu ba na ba kowa shawarar ya sauke mota fiye da inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi, duk wanda ya bi ta Aboabo ko Asawase bayan ruwan sama ya san dalili, ga tudun rage gudu ga ramuka ga gwata a bakin ƙofar gida.

Yanzu lambar taya. In ka ga 235/55R17, wanda shi ne Mustang GT ta 2005 ke zuwa da shi, 235 faɗi ne a milimita, 55 kuma yana nufin naman gefen taya kashi 55 cikin ɗari ne na faɗin, wato wajen milimita 129, sai 17 girman rim a inci. Ka ninka naman sau biyu ka haɗa da rim ɗin, inci ɗaya milimita 25.4 ne, tsayin taya gaba ɗaya zai ba ka kusan 690. Wannan 690 ɗin shi za ka riƙe, duk tayar da za ka saya kada ta yi nisa da shi fiye da kashi 3 cikin ɗari, in ba haka ba agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya kuma ABS, na'urar da ke hana taya ƙullewa in an taka birki, shi ma lissafinsa da juyawar taya yake yi. 255/45R18 tana ba da wajen 687, ta shiga. 255/35R20 ma wajen 687 ne, ita ma a lissafi ta shiga, amma duba namanta, milimita 89 kacal. Wancan naman shi ke shanye duka in ka faɗa rami, in babu shi rim ne zai sha, ya lanƙwashe ko ya tsage. Shi ya sa ni inci 18 nake tsayawa.

Sai ramukan noti, nan ake yawan cutuwa. Mustang ta zamani 5x114.3 ce, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3, Challenger da Charger na zamani 5x115, Camaro daga 2010 zuwa sama 5x120, tsofaffin Camaro kuwa 5x120.65. Ka ga 114.3 da 115 kamar abu ɗaya, mai sayarwa zai ce maka Alhaji ai yana shiga, e yana shiga, amma notin ba ya zama a tsakiya, ana matse shi ne a karkace. Kada ka yarda.

Abin da ya fi komai wahalar fahimta shi ne ofset, wato nisan da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ake ɗaure shi a jikin mota. Juya rim ɗin ka duba bayansa, za ka ga ET da lamba, misali ET45. In lambar ta yi girma rim na shigewa ciki wajen shokabzoba, in ta yi ƙasa yana fitowa waje wajen leɓen fenda, kuma motar da aka sauke leɓen ya riga ya matso kusa da taya. Don haka ka ce wa masta ya ɗora rim ɗaya tal a gaba kafin ka biya kuɗin huɗu, ya murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, ya duba ko yana taɓa birki, sannan mutum biyu su shiga kujerar baya a danna motar a gani. Aƙalla yatsa ya iya wucewa ta kowane gefe.

Masu Mustang 2005 zuwa 2014 da Camaro 1982 zuwa 2002, ku auna bayan motar ta gefe biyu, hagu daban dama daban. Aksil ɗinsu na baya guda ne, akwai wani ƙarfe Panhard da ke riƙe shi a tsakiya, in an sauke mota sai ya ture aksil ɗin gefe ɗaya, ka ga taya ɗaya ta leƙo waje ɗayar ta shige. Akwai Panhard mai daidaitawa, shi ake sawa.

In tayar hom-yus za ka saya, wato wadda aka riga aka yi amfani da ita a ƙasar waje, nemi DOT a gefenta, lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin rubutun sati ne da shekarar da aka ƙera ta, 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Wadda ka ga hoton dutse da ƙanƙara a jikinta ta ƙasashen sanyi ce, kwaltarmu mai zafi cinye ta take yi. Bayan an gama ɗaurawa ka wuce kai tsaye wajen alaimen, don sauke mota na sa kan tayoyin gaba su kwanto ciki, in ka bar su haka gefen ciki zai cinye tun waje na nan sabo.