Baka, Ba Ka da Baƙa: Inda Masu Rubutu Suke Tuntuɓe

Kwanan baya wani ɗalibina ya turo mini saƙo a waya: "Malam, baka zo ba jiya." Na mayar masa cewa baka dai yana rataye a ɗakin maharbi tare da kwarinsa, ni ne ban zo ba. Sai da muka haɗu ya gane abin da nake nufi.

Baka, wanda jam'insa bakunkuna, shi ne sandan nan da ake tanƙwarawa a ɗaura masa tsirkiya a harba kibiya da shi. Daga siffarsa Bahaushe ya samo sunan abubuwa da dama masu lanƙwasa: bakan shiɓa da mata suke gyara auduga da shi kafin kaɗi, bakan gizo na sama, bakan gizo na gini, har da baka biyu, alamar rubutun nan da ake killace ƙarin bayani a cikinta. Kalmar namiji ce, don haka "bakansa ya karye" ake cewa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na ɗalibin nan, wato haɗe "ba" da "ka". A "ba ka zo ba" da "ba ka jin magana" da "na ba ka kuɗi", kalmomi biyu ne, kowace da aikinta. Gwajin ba wuya: cire "ka" ka sa "ku" ko "ta". In maganar ta tsaya daram, kamar "ba ku zo ba" ko "na ba ta kuɗi", to a raba su. Wanda ya saba haɗewa, ranar da zai rubuta wa mace sai ya rubuta "baki zo ba", ya jawo baki cikin zancen da babu ruwansa.

Akwai kuma bakan da ya fito daga baki, wanda ba shi da dangantaka da na maharbi sai kamar rubutu. Shi ne a "ya sa a baka", da "jarrabawar baka", da "adabin baka". A furuci wasalin ƙarshe gajere ne, na maharbi kuwa dogo, amma rubutun yau da kullum ba ya nuna wannan, sai jimla ta raba gardama. Na taɓa jin wani yana bayanin wai an ce adabin baka ne don waƙoƙin maharba. A'a, adabin da ake bayarwa da baki ne, tatsuniya da karin magana da kirari.

Baƙa kuwa matsalar waya ce da lalaci. A sauke allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ, a huta da "bakar riga".

Inda na fi son a tsaya shi ne bakan gizo, domin yaran yanzu da yawa na sama kaɗai suka sani, wanda ake cewa ya shanye ruwa in ya fito hadari ya watse. A wajen magina, bakan gizo shi ne lanƙwasasshen ginin da ke tasowa daga bango ya tallafe rufin soro. Azarar giginya ake jerawa ana ɗaurewa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama, sannan a lulluɓe da ƙasa. Dabarar ta samo asali ne daga gajartar azara: ita kaɗai ba ta ƙetare babban ɗaki, amma da baka sai a rufe zaure mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. In bakunkuna suka gitta juna a tsakiyar rufi, ɗaurin guga ke nan. Wanda yake son ganin gwanintar ya je tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajajen shekarun 1830, ko ya leƙa Gidan Makama a Kano. Saboda haka in ka karanta cewa zauren sarki yana da bakan gizo, kada ka ɗauka fenti mai launi bakwai aka shafa.

A nan ne ma ake yin wani kuskuren da kan iya ɓata wa magini rai. Lanƙwasa daban, karkacewa daban. Abin da aka lanƙwasa ko aka tanƙwara, da gangan aka yi, kamar lauje ko ƙugiya, ko iccen da ake cewa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ya karkace kuwa aibi ne, ya kauce wa yadda ya kamata ya tsaya. Ka ce wa magini bakansa ya karkace da kyau, alhali yabo kake nufi, ka ga yadda fuskarsa za ta canza.

Masu fassara darussan lissafi su ma sukan kira kowane lanƙwasasshen layi da'ira. Da'ira sai layin ya zagayo ya haɗe da mafarinsa, kamar zobe ko bakin faifai. Yanki daga jikin layin nata shi ne baka. Bakan gizo na sama ma asalinsa cikakkiyar da'ira ce, ƙasa ce take tare mana rabin, shi ya sa daga jirgin sama wani lokaci akan gan shi a zagaye.

Lanƙwasar hanya kuma ba a ce mata baka. Direba kwana ya sani, ita yake sha, kuma in ka ce masa ya rage gudu akwai baka a gaba, zai ɗauka 'yan fashi ka hango.