Yadda za ka tura matsalar gonarka ta waya har masana su ba ka amsa mai amfani

Daminar bara wani maƙwabcina ya tura hoton masararsa a guruf ɗin manoma na WhatsApp, hoto ɗaya tak kuma daga nesa, ya rubuta "jama'a me ke damun wannan?" Kowa ya kawo nasa maganin, har da mai cewa ya ƙara taki. Ashe tsutsar nan ce mai cin masara da ake kira fall armyworm, wadda ta shigo mana tun 2016, kafin a gano ta riga ta yi wa ganyen kaca-kaca. Abin ya dame ni sosai, don masanan suna nan a guruf ɗin, tambayar ce ba ta ba su abin kamawa ba.

Da farko ka tabbatar akwai masani na gaske a inda kake tambaya. Nemi malamin gona na yankinku, ko na hukumar raya aikin gona ta jiharku, wato ADP, kamar KNARDA a Kano, ka ce ya saka ka a guruf ɗin da yake ciki. Sannan ka bibiyi shafukan cibiyoyin bincike da wayar da kan manoma, wato IAR da NAERLS na Samaru Zariya da IITA, a Facebook, IAR ɗin nan su ne masu fitar da irin masara SAMMAZ da na wake SAMPEA da na gyaɗa SAMNUT da muke shukawa.

Sai hoto, nan ne yawancinmu muke kuskure. Goge kyamarar da bakin riga, ka ɗauka da safe rana tana bayanka. Ɗaya na gonar gaba ɗaya don a ga ko abin ya game ko'ina ko gefe ɗaya ne, ɗaya na shukar daga ƙasa har sama, sannan ka matsa kusa sosai, ka juya bayan ganyen don nan ƙwari ke ɓuya su zuba ƙwai. In masara ce buɗe tsakiyarta inda sabon ganye ke fitowa, in ka ga kashin tsutsa kamar garin katako to ɗauki hotonsa, in ka samu tsutsar ɗora ta a tafin hannu kusa da biro a ga girmanta.

Ba sai ka iya rubutu ba, danna ka yi saƙon murya da Hausarka. Faɗi garinku, wane iri ne, yaushe ka shuka, jigawa ce ko fadama, wane taki ka sa NPK ko yuriya kuma buhu nawa, me ka taɓa fesawa, rabonku da ruwa kwana nawa. Kar ka ce kawai ganye ya yi rawaya, ka faɗi na ƙasa ne ko na sama, saboda in na ƙasa ne suka fara daga tsini sau da yawa yunwar taki ce, kuma ka duba gindin ko akwai wuta-wuta.

Manhaja irin Plantix tana duba hoto ta faɗi cutar da take zato, ina amfani da ita, amma abin da ta faɗa ma sai na tura wa malamin gona kafin in je kasuwa.

In an ce ka sayi magani tambayi sunan sinadarin da ke ciki, don Allah kar ka tsaya a sunan kwalba, ka tambayi murfi nawa ake zubawa a tankin feshi da kwana nawa za a jira kafin girbi, musamman tumatir da kayan miya. Gwada a kunya biyar ko shida tukuna. Bayan sati ɗaya ka koma wurin da ka ɗauki hoton farko ka sake ɗauka ka tura musu, ya yi ko bai yi ba, da wannan ne su ma masu binciken suke sanin abin da ke aiki a ƙasarku.